Ko Giris ɗin Silikon Zai Maye Gurbin Giris ɗin Lantarki?

Manoman Dosara da sauran ƙauyukan da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, sun san abin da laima ke yi wa injin ban-ruwa da babur. Ruwa ya shiga hular fulogi, kan batir ya yi fari, inji ya ƙi tashi, alhali shinkafa na jiran ruwa. Maganin wannan shi ne giris ɗin lantarki, wato man da ake shafawa a mahaɗar waya don tsare danshi. Sau da yawa ba a samunsa da wannan suna a shagon kayan gyara, sai a miƙo wa mutum giris ɗin silikon.

A gaskiya, yawancin giris ɗin lantarki silikon ne. Ana haɗa shi da man silikon da kuma garin silika mai laushi ƙwarai, wato sinadarin da ke cikin yashi, don ya yi kauri. Kamfanin Dow Corning, da aka kafa a Amurka a 1943, da irin wannan man ya fara ciniki, domin kare wayoyin fulogin jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ya narkewa ko da zafi ya doshi digiri 200, ruwa ba ya wanke shi, kuma ba ya kumbura robar yau da kullum kamar yadda giris ɗin mota ke yi.

Abin da ke rikita mutane shi ne, man ba ya barin lantarki ya ratsa shi. To, yaya wuta za ta wuce? Idan aka ɗaure mahaɗa tamau, ƙarfe yakan matse man gefe ya taɓa ɗan'uwansa, man kuwa ya toshe kafofin da iska da ruwa za su bi. Saboda haka sai an kankare tsatsa tukuna, kuma a shafa kaɗan. Mahaɗar da ta yi sako-sako, mai ba zai gyara ta ba.

Ba kowane silikon ne zai yi ba. Wanda aka gauraya da garin tagulla ko wani ƙarfe yana iya haɗa wuta inda ba a so. Kada kuma a shafa ko da mai kyan a cikin makunni, inda tartsatsi ke tashi, domin zafin yana mayar da silikon ya koma silika, ya rufe fuskar ƙarfen.

Kuskuren da ya fi muni shi ne sayen gam ɗin silikon na liƙe gilashi a madadin giris. Irin mai warin tsami yana fitar da asid yayin da yake bushewa, asid ɗin kuwa yana cin wayar tagulla. A matsa kaɗan a kan takarda a bar shi ya kwana: gam zai daskare ya zama roba, giris kuwa yana nan da santsinsa.