Daga Ofishin Talla Zuwa Gidan Abinci

'Ya'yana, akwai wani Ba'amurke da nake so ku ji labarinsa, Jerry Della Femina. An haife shi a 1936 a Brooklyn ta birnin New York, cikin iyalin 'yan asalin Italiya. Ɗan aike ne da fari, yana kai takardu daga ofis zuwa ofis, har ya ƙware wajen rubuta kalmomin da ke sa mutum ya zura hannu a aljihu. A 1967 ya kafa kamfanin talla tare da Ron Travisano. Su ne suka yi tallar abincin kyanwa na Meow Mix, wadda aka riƙa ganin kyanwa tana waƙa a talabijin. A 1986 ya sayar da kamfanin ga wani kamfanin Ingila.

Bayan duk wannan suna, a farkon shekarun 1990 ya buɗe gidan abinci a East Hampton, inda attajiran New York ke zuwa hutu. Ya riƙe shi har 2011.

Nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani. Mai talla alkawari yake yi a madadin wani. In kayan ba su yi kyau ba, ba shi za a tara da ƙorafi ba, yana can ofishinsa. Mai gidan abinci kuwa kullum dare sai ya haɗa ido da wanda ya yi wa alkawarin. Miya ta yi gishiri, baƙo ya daɗe yana jira, mai kawo abinci ya ɗaure fuska, duk a kansa suke. Sunansa ya isa ya cika kujeru a daren farko, amma ba suna kaɗai ke riƙe wuri kusan shekara 20 ba.

Ina ganinku, da yawanku kun iya ɗaukar hoton shinkafa da kaza ku sa a Instagram har yawun mutum ya tsinke. Madalla, wannan ma baiwa ce, ban raina ta ba. Sai dai don Allah, kafin ku biya kuɗin talla, ku zauna da mai girkinku, ku ɗanɗana tukunyar da kanku, ku san nawa kuka kashe a kowane faranti, kuma ku biya yaran kicin haƙƙinsu a kan kari. Allah ya sa albarka a nemanku.