Yadda Ake Haɗa Bidiyon Koyar da Binciken Laburare

Bidiyo ɗaya, tambaya ɗaya. Wanda ya cusa neman littafi da shiga JSTOR da tsara manazarta duk a bidiyo guda, ɗalibi zai rufe tun bai kai rabi ba. A zaɓi tambayar da ta fi damun teburin laburare, wadda a jami'o'inmu ba ta wuce "Malam, ina zan samu littafin nan?" ba, a amsa ta cikin minti biyu zuwa uku.

Kayan aiki ba su da wuya. OBS Studio kyauta ce, tana ɗaukar duk abin da ke allon kwamfuta, Audacity kuma ta ishi murya. A rubuta abin da za a faɗa a takarda, a rufe saƙonni da shafukan da ba a buƙata, a tabbata kalmar sirrin makaranta ko sunan wani mai aron littafi ba za su bayyana ba. Naɗi kuwa sai da sassafe, kafin a tayar da janareta.

Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne linzamin kwamfuta. Hannun da ya shekara yana buɗe katalog ɗin Koha ya fi baki sauri: kafin ka ce "danna nan" ka danna, shafi ya sauya, mai kallo bai ga inda kibiya ta bi ba. Sai ka horar da hannun. Ka fara faɗar inda za ka, ka kai kibiya a hankali, ka tsaya numfashi biyu a kan wurin, sannan ka danna. Kada ka riƙa kewaya kibiya yayin magana, ido na binta ne ya bar kunne. Ka kuma tuna ɗalibin nan a waya zai kalla, wataƙila a tsaye a bakin aji, don haka a ƙara girman shafin tun kafin naɗi. Idan ka nemo Magana Jari Ce, sakamako ya fito, ka zuƙo lambar da ta fara da PL, ka ce masa ita ce a manne a gadon bayan littafin, ita zai bi ya kai kanta. Nan ne yawanci suke ɓacewa, tsakanin allo da kanta.

Galibi matasan ma'aikata ake bar wa wannan aiki saboda sun saba da na'ura, amma tsofaffin da suka yi zamanin katin katalog a akwatunan katako su suka san inda ɗalibi ke tuntuɓe. Bidiyon da ya fi kyau a wurinmu, dattijo ne ya tsara maganar, yarinya ta riƙe linzami.

Murya ta zama ta hira, Hausa inda ta dace, amma sunan maɓalli a faɗe shi yadda yake rubuce a allo. A ƙarshe a matse fayil da HandBrake, domin data kuɗi ce, kuma a rukunin WhatsApp na aji bidiyon zai yawata. Kafin a sake shi, a miƙa wa ɗan aji ɗaya waya, a yi shiru, a ga ko zai dawo da littafin a hannu.