GIDAJEN KALLON ƘWALLO DA HAƘƘIN MASU WATSA SHIRYE-SHIRYE

Wasan ƙwallon da ake gani a akwatin talabijin yana da mai shi. Hukumar Gasar Firimiya ta Ingila, wadda aka kafa a 1992, takan sayar da iznin nuna wasanninta ƙasa-ƙasa, kamfanin da ya sayi iznin kuma ya sayar wa jama'a. Kuɗin mai kallo a gidansa dabam, na mai tara jama'a don neman riba dabam. Wannan bambanci shi ne tushen yawancin rigingimu.

Shari'ar Karen Murphy

Karen Murphy tana da mashaya a birnin Portsmouth. Da ta ga kuɗin da kamfanin Sky ke karɓa daga masu mashaya ya yi mata yawa, sai ta sayi dikodar kamfanin Nova na ƙasar Girka, mai araha, ta riƙa nuna wasannin da ita. Aka gurfanar da ita, aka ce ta biya tara da kuɗin shari'a kusan fam 8,000. Ta ɗaukaka ƙara, magana ta kai Kotun Tarayyar Turai.

Ran 4 ga Oktoba, 2011, kotun ta yanke cewa hana shigo da dikoda daga wata ƙasar Tarayyar ya saɓa wa 'yancin ciniki. Ta ce wasan kansa ba aikin fasaha ba ne da wani zai mallaka. Amma tambarin gasar, da takenta, da zane-zanen da ke fitowa a fuskar talabijin mallakar hukumar ne, kuma nuna su a mashaya nuni ne ga jama'a, sai da izni. A 2012 Babbar Kotun Ingila ta soke hukuncin da aka yi wa matar. Duk da haka hukumar ta ci gaba da ƙarar masu mashaya a kan tambari da take. Ingila kuwa ta fita daga Tarayyar a 2020.

Abin da ya shafi Nijeriya

Gidajen kallon ƙwallo sana'a ce da matasa da yawa ke ci da iyalansu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta kare shirin da aka watsa har shekara 50. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ke lura da dokar, Babbar Kotun Tarayya kuma ke sauraron ƙararrakin. Hujjar da ta fid da Karen Murphy ba ta aiki a nan, domin dokar kasuwar Turai ce.

Saboda haka ana jawo hankalin mai gidan kallo ga abubuwa uku:

1. Ya biya kuɗin rukunin 'yan kasuwa, kada ya yi sana'a da katin gida.
2. Ya guji dikodar fasa-ƙwauri da tashoshin sata na intanet.
3. Ya adana rasit da takardar yarjejeniya a inda yake sana'ar.

Wanda ya ƙi, ana iya kama kayan aikinsa, a ci shi tara, ko a sa shi biyan diyya, jarin shekaru ya salwanta a rana guda. Rashin sanin doka ba hanzari ba ne a gaban alƙali. Wanda bai fahimta ba ya tuntuɓi ofishin Hukumar mafi kusa da shi.