Silifas mai ɗaure jiki: gaskiya ne ko daɗin bakin talla?

Wata 'yar uwa mai shago a unguwar Glass da ke Libreville ta aiko da tambaya. Ta ga wani silifas mai kaurin ƙasa a wajen 'yan gwanjo na kasuwar Mont-Bouët, mai sayarwa ya ce mata sa shi kaɗai yana ɗaure cinya da mazaunai, har ya zubar da teɓa. Yini take a tsaye, ba ta samun lokacin motsa jiki, tana son sanin ko ta saya.

Hajiya, idan don rage ƙiba ne, ki riƙe kuɗinki.

Wannan takalmi ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Karl Müller, ya fito da MBT tun shekarun 1990, mai ƙasa a lanƙwashe kamar gindin kwale-kwale. FitFlop ya biyo baya a Landan a 2007 da silifas, sai Reebok da EasyTone, Skechers kuma da Shape-ups. Hujjarsu guda ce: idan ƙasan takalmi na rawa, ƙafa za ta riƙa neman daidaito, tsoka ta ƙara aiki. A kunne yana da daɗin ji.

An gwada, bai tabbata ba. A 2010 masu bincike na Jami'ar Wisconsin a La Crosse, ƙarƙashin John Porcari, suka sa mata tafiya a kan injin tattaki da MBT da EasyTone da Shape-ups, sannan da takalmin gudu na yau da kullum. Suka auna bugun zuciya, da iskar da jiki ke sha, da kuzarin da ake ƙonawa, da aikin tsokar ƙafa da ta baya. Ba su sami wani bambanci na kirki ba. Reebok kuwa ta yi tallar cewa takalminta na ƙara ƙarfin mazaunai da kashi 28 cikin ɗari, na bayan cinya da sha-raɓa da kashi 11. Hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta ce babu hujja, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 25 a 2011, kuma silifas ɗin EasyTone na cikin kayan da aka yi ƙara a kansu. A 2012 Skechers ta biya miliyan 40. Abin da ke damuna shi ne, zancen da aka hana a can har yanzu yana yawo a kasuwanninmu, ana karɓar guminku da shi.

To me ya sa wasu ke rantsuwa sun ji canji? Kwanakin farko sha-raɓa kan yi tsami, sai mutum ya ɗauka aiki ne yake ci. Sabon taku ne kawai jiki yake koyo, da ya saba shi ke nan. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an riƙa ƙara mata nauyi a hankali, kitse kuma ba ya narkewa a wurin da kika zaɓa. Daga jiki gaba ɗaya yake raguwa idan abin da ake ƙonawa ya fi abin da ake ci. Wadda ta rame bayan ta sayi takalmin, galibi tafiya ta ƙara saboda ɗokin sabon abu.

Ba na cewa ba shi da amfani ko kaɗan. Ƙasan takalmi mai laushi na sauƙaƙa wa mai dogon tsayi a kan siminti, likitoci ma kan rubuta takalmi mai lanƙwasa ga wanda babban yatsansa ya sandare ko gaban tafinsa ke ciwo. Wannan magani ne da ake aunawa, ba a tsintarsa a tulin gwanjo. Na gwanjo ya riga ya lotsa daidai da takun mai shi na farko. Ki juya shi ki duba diddigen: in ya cinye ta gefe ɗaya, zai karkatar da naki takun.

Akwai waɗanda nake hanawa kai tsaye: tsofaffi, masu jiri, masu juna biyu da cikinsu ya tsufa, da wanda ya taɓa targaɗe a idon sawu. Ruwan Libreville daga Oktoba zuwa Mayu ba wasa ba ne, takalmi mai rawa a kan jiƙaƙƙen tayil ko bakin kwata faɗuwa yake jawowa. Mai ciwon suga kuma ta nisanci silifas mai igiya tsakanin yatsu, domin yana iya goge fata ba ta ji ba, gyambo ya biyo baya.

Abin da za ki yi mai sauƙi ne. Nemi takalmi daidai ƙafarki, mai maɗauri a bayan diddige, ki gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Kina da bakin teku kusa da ke: bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ki yi tafiyar minti 30 da sauri, yadda za ki iya magana amma da ɗan haki, kwana biyar a mako. A shago, idan ciniki ya lafa, ki tashi daga kujera ki zauna sau goma ba tare da dafa komai ba, ki kuma ɗaga diddige kina dafe da kanta. In kina da hawan jini ko ciwon gwiwa, ki fara ganin likita kafin ki ƙara sauri.