Ƙwallo ba kokowa ba ce

Mutanen Adar sun san kokowa. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko, a shekara ta 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya lashe ta. A filin kokowa ana kama ƙafa, ana kama ƙugu, ana kada mutum, jama'a su yi ta shewa. Duk da haka kokowa tana da dokokinta. Ɗan kokowa ba ya naushi, ba ya cizo, kuma akwai alƙali tsaye yana kallo.

Ƙwallon ƙafa ma yana da nasa dokoki, guda 17. Abin da aka yarda da shi a kokowa, a ƙwallo laifi ne.

Da la'asar, in rana ta yi sanyi, yara suna fita wasan ƙwallo a Bilbis da Wadata da Sabon Gari, haka nan a Kalfu da Barmu da Afala. Duwatsu biyu sun isa su zama raga. Lokacin babban hutu kuma unguwa takan kara da unguwa. A nan ne wasa yake zafi, don kowa yana kishin unguwarsu. Filayen ba su da ciyawa. Wani filin yashi ne, wani kuwa tsakuwa ce zalla. Wani yaro yana sanye da takalmin ƙwallo mai haƙora, wani takalmin roba, wani ba shi da komi a ƙafa. Ɗan shekara 11 yakan gamu da ɗan shekara 15 a fili ɗaya. In babban ya bangaje ƙaramin a kan tsakuwa, ba ƙaramin rauni ba ne.

Ƙarfi da ƙeta

Doka ba ta hana ƙarfi ba. Ƴan wasa biyu suna bin ƙwallo, kafaɗa ta gogi kafaɗa, wanda ya fi ƙarfi ya wuce da shi: wannan halas ne, muddin ƙwallon yana kusa da su, kuma ba a sa hannu ko gwiwar hannu ba. Ɗan wasa ya miƙa ƙafa ya ƙwace ƙwallo ba tare da ya cutar da kowa ba: wannan gwaninta ce.

Ƙeta dabam take. Doka ta 12 ce ta yi bayaninta: shuri, taɗiya, turawa, duka, riƙe riga ko hannu, da faɗa wa mutum da tsalle. Dokar ta kuma raba laifi mataki uku. In sakaci ne kawai, sai a ba ɗaya ɓangaren bugun tazara. In ɗan wasa ya afka wa wani bai damu da abin da zai same shi ba, a ƙara masa da kati mai ruwan ɗorawa. In ya sa ƙarfin da ya wuce kima har yana iya raunata mutum, sai jan kati, ya bar fili, kuma ba a maye gurbinsa. Yara da yawa sukan ce: «Ai ƙwallon na taɓa!» Wannan ba hujja ba ce. Wanda ya shigo da ƙafa biyu a sama ya yi laifi, ko ya taɓa ƙwallo ko bai taɓa ba.

Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. Kusa da gaɓoɓi, kamar gwiwa da idon sawu da wuyan hannu, akwai wuri mai taushi inda ƙashi yake ƙara tsawo. In karaya ta faɗa a wurin, kuma ba a kula da ita da kyau ba, ƙafar tana iya karkacewa ko ta gaza ƴar'uwarta tsawo. Shi ya sa ƙeta a wasan yara ta fi muni.

In alƙali ya yi shiru

Mai tsayar da doka a fili shi ne alƙalin wasa. A wasan unguwa, sau da yawa wani yaya ne ake roƙo ya riƙe usur. Shi kaɗai ne, ba mataimaka a gefe, ga ƙura. Wani lokaci bai gani ba. Wani lokaci ya gani, amma mai laifin ƙanen abokinsa ne, ko yana tsoron ihun ƴan kallo, ko ya ce a ransa: «Yara ne, bari su yi wasansu.» Sai laifi na farko ya wuce ba a busa ba. Wanda aka shura ya ga ba a bi masa hakkinsa ba, sai ya rama. Wanda aka rama a kansa ya ƙara. Kafin a je hutun rabin lokaci, ba mai kallon ƙwallo, kowa ƙafar wani yake nema.

Wannan ya faru har a gasar cin kofin duniya. Ran 2 ga watan Yuni 1962, a birnin Santiyago, ƙasar Cile ta kara da Italiya. Alƙalin wani Bature ne ɗan Ingila, sunansa Ken Aston. Tun daga farko wasan ya zama faɗa. Aston ya kori wani ɗan Italiya mai suna Ferrini, ya ƙi fita, sai da ƴan sanda suka fid da shi. Can kuma Sanchez, ɗan Cile, ya naushi David, ɗan Italiya, amma alƙali bai kore shi ba. Jim kaɗan David ya rama, ya kai wa Sanchez shuri a kai. Nan take aka kori David. Mai naushi ya ci gaba da wasa, mai ramuwa ya fita. Italiya ta ƙarasa da mutum 9, aka cinye ta 2 da 0.

Bayan shekara huɗu, a 1966, aka yi gasar a Ingila. A lokacin duk duniya ta san Pele, ɗan Barazil. Ƴan Bulgariya suka yi ta shurinsa har bai iya buga wasa na biyu ba. A wasa na uku wani ɗan Fotugal, Morais, ya sare shi sau biyu a jere. Alƙali bai kori Morais ba. A zamanin ba a canja ɗan wasa a wannan gasa, don haka Pele ya ƙarasa wasan yana ɗingishi. Aka ci Barazil 3 da 1, ta koma gida.

A cikin wannan gasa kuma aka sami wata matsala. Ingila ta kara da Ajantina, alƙalin Bajamushe ne. Ya kori Rattin, shugaban ƴan wasan Ajantina. Ba sa jin harshen juna, Rattin ya tsaya yana gardama, aka ɓata mintoci da dama. Wani ɗan Ingila, Jack Charlton, sai a jarida ya ga wai an yi masa gargaɗi. Ken Aston ne yake kula da alƙalan gasar. Yana tuƙa motarsa a birnin Landan, sai ya tsaya a fitilun ba da hannu. Ruwan ɗorawa: yi hankali. Ja: tsaya. Daga nan dabarar kati ta zo masa, alamar da kowa yake ganewa ko wane harshe yake ji. An fara aiki da katin a gasar 1970 a ƙasar Meziko. A wannan gasa aka fara yarda a canja ƴan wasa biyu. Pele ya dawo, Barazil ta ɗauki kofi.

Shi Aston malamin makarantar firamare ne, kuma a wasannin ƴan makaranta ya fara riƙe usur. Ya san yara, ya kuma ga abin da shirun alƙali yake jawowa.

Me yaro zai yi?

Abu mafi wuya shi ne ƙin ramawa. Jini yana tafasa, abokai suna zuga. Amma alƙalin da bai ga shuri na farko ba, yawanci yakan ga na biyu, don ihu ya riga ya jawo hankalinsa. Labarin David ke nan.

Ƙin ramawa ba ya nufin a yi shiru. Ƴan wasa goma sha ɗaya ba za su kewaye alƙali suna hayaniya ba. Wannan ma laifi ne, kuma alƙalin da aka kunyata a gaban jama'a ba ya sauraro. Shugaban ƴan wasa shi kaɗai zai je, lokacin da ƙwallo ya fita, ya ce: «Malam, don Allah a duba mai lamba biyar. Sau uku ke nan yana taɗe ƙaraminmu ta baya.» Ya faɗi lamba, ya faɗi laifi, ya koma wurinsa. In abin bai daina ba, a hutun rabin lokaci malamin makaranta ko mai horar da yaran ya sami alƙali da mai horar da ɗaya ɓangaren, su yi magana su uku, nesa da ƴan kallo.

A cikin fili ma akwai dabara. Mai ƙeta yana son wanda ya daɗe da ƙwallo a ƙafa. In yara suna miƙa wa juna ƙwallo da sauri, taɓawa ɗaya ko biyu, kafin ya iso ƙwallon ya wuce. Ya yi ta gudu har ya gaji. Kariyar ƙwauri kuma doka ta wajabta ta a wasan gasa.

Wani lokaci duk wannan ba ya isa. In an ga lalle za a karya yaro, babban da ya kawo yaran yana da hakkin ya fid da wanda ake hari, ko ma ya janye yaransa duka. Za a ce sun gudu, wataƙila a ba abokan karawarsu nasara. Kofin babban hutu ana sake shi baɗi, ƙafar da ta karkace kuwa da ita yaro zai girma. Bayan haka sai a kai ƙara ga waɗanda suka shirya gasar, a rubuce: rana, fili, da abin da ya faru, ba zagi. A kuma roƙe su su raba yara bisa ga shekaru, su nemo alƙali daga wata unguwa.

Wanda ya ji rauni ya bar fili. Mai zubar jini, doka ta ce ya fita sai jinin ya tsaya. A wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a cire tsakuwa da yashi. Wanda ya bugu a kai har ya ji jiri ko ya yi amai, kada ya koma wasa a ranar. A kai shi gidan likita.

Ɗan aji shida da aka ba usur don ya raba wasan ƴan aji uku, shi ma alƙali ne. Kafin a fara, ya tara yaran ya gaya musu abin da ba zai bari ba. Ya busa laifi na farko, ko da ƙanensa ne ya yi shi. In ba shi da kati, ya yanka kwali biyu, ya shafa wa ɗaya ja, ɗaya ruwan ɗorawa.

Ma'anar kalmomi

Alƙalin wasa: mai raba gardama a fili, da faransanci arbitre.
Ƙeta: cutar da abokin karawa a wasa, ta hanyar da doka ta hana.
Taɗiya: sa wa mai gudu ƙafa don ya faɗi.
Bugun tazara: bugun da ake ba waɗanda aka yi wa laifi, da faransanci coup franc.

Tambayoyi

1. A wane gari aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko? A wace shekara?
2. Ku faɗi abu biyu da aka yarda da su a kokowa amma aka hana a ƙwallo.
3. Tsakanin Sanchez da David, wa ya fara? Wa aka kora?
4. Don me kati ya fi magana amfani tsakanin Rattin da alƙali?
5. Shekara nawa ke tsakanin wasan Santiyago da fara aiki da kati?

Aiki

Ku rubuta wa masu shirya gasar unguwarku wasiƙa ta layi shida, kuna roƙon a raba yara bisa ga shekaru. Ku rubuta ta da hausa, sa'an nan da faransanci.