Yadda Ake Zaɓar Linux Kafin a Rabu da Windows

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya rufe wa'adin kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta hawa kwamfuta sai mai guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, a ɓangaren Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Da yawa daga kwamfutocin hannu da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ke sayowa ba su cika wannan sharaɗi ba, haka ma na shagunan buga takardu a Bakura da Maradun, alhali lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa ake ta maganar Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, wadda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa ba tare da biyan ko kwabo ba. Ra'ayina shi ne kyauta kaɗai ba hujjar sauyawa ba ce. Aikin da kake yi da ƙarfin na'urarka su za su yanke hukunci.

Da takarda da biro ake farawa. Rubuta duk abin da kwamfutar ke yi maka a mako. In buga wasiƙa ne da lissafin shago da shiga intanet da kallon bidiyo, LibreOffice da Firefox da VLC sun wadatar. In kuwa abincinka a CorelDraw yake, kana zana katin biki da fastar siyasa, to dakata, domin kamfaninsa ba ya fitar da shi don Linux. Akwai Inkscape a madadinsa, amma mai kawo aiki a fayil ɗin Corel ba zai jira ka koyi sabon abu ba. Bayan wannan sai ka duba girman RAM ɗin na'urar, ka kuma tabbatar injinta na 64-bit ne, saboda nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Linux Mint sun daɗe da daina fitar da na 32-bit.

Yanzu ne kwatanta nau'o'in Linux ke da amfani, kuma tambayar da ta fi muhimmanci a ƙasar Mafara ita ce: wacce ce ba ta shan data? Wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 ya san intanet ba abin jingina ba ne. Fedora tana fitar da sabon zubi kusan duk wata 6, ta kula da shi na kimanin wata 13, ke nan duk shekara akwai babban saukewa. Wannan ya cire ta daga lissafin mai zaune a Garbadu yana sayen data da kaɗan-kaɗan. Debian, wadda aka fara a 1993, ta fi kowa natsuwa, sai dai tana son mai ɗan sani. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, ta fi suna, zubinta na 24.04 zai samu gyaran tsaro har 2029, amma fayil ɗin girka ta ya kai kusan giga 6 kuma tana neman RAM giga 4. Linux Mint 22 a kan Ubuntu aka gina ta, wa'adinta ɗaya da ita, fayil ɗinta kusan rabin wancan ne, tana zuwa da LibreOffice a ciki, fuskarta kuma ta yi kama da Windows. Na'urar da RAM ɗinta giga 2 ne sai a nema mata marar nauyi, wato Mint mai fuskar Xfce ko Lubuntu.

Ba a sayen akuya a cikin buhu, don haka a gwada kafin a girka. Mutum ɗaya ya sauke fayil ɗin, ya zuba shi a filash mai giga 8 da manhajar Rufus ko Ventoy, filash ɗin nan zai ishi unguwa guda. A soka shi, a kunna kwamfuta ana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, Linux za ta tashi daga filash ba tare da taɓa komai ba. A nan za a gwada sauti da Wi-Fi da haɗa waya, sannan firinta, wadda ita ce ta fi kawo cikas: na HP galibi suna aiki nan take, wasu manyan injinan fotokofi kuwa sai an sha fama. A buɗe takardun Word na gaske a ga ko tsarinsu ya goce. A saka allon rubutun Hausa, yana nan a ciki, a buga ɓ da ɗ da ƙ. In komai ya tafi daidai, a kwashe fayiloli zuwa wata ma'ajiya, a cika batir saboda ɗauke wuta, sannan a girka ta kusa da Windows, kada a goge tsohuwar sai bayan wata guda ko biyu.

Masu suka na cewa in ta lalace wa zai gyara, tunda masu gyaranmu Windows suka sani? Wannan magana ce mai nauyi, kuma ita ce ma dalilin zaɓar wadda mutane suka fi amfani da ita, domin matsalar Mint ko Ubuntu da wuya a rasa wanda ya riga ya warware ta ya rubuta. Wasu kuma kan kawo birnin Munich na Jamus, da ya koma Linux sannan majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows a 2017. Gaskiya ne, amma a wannan ƙasar dai jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta sauya kwamfutoci kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Mai cewa zai ci gaba da Windows ɗin sata kuwa, ya tuna da takardun mutane da lambobin banki da ke ratsa na'urar da ba ta samun gyaran tsaro.

Ɗalibi da malamin makaranta da mai lissafin shago su ɗauki Linux Mint. Mai shagon zane ya bar kwamfuta ɗaya a kan Windows saboda CorelDraw, ya cire ta daga intanet, ya sauya sauran.