DARASIN MAKO: Yara Sun Koma Makaranta, Ke Fa Uwa?



Darasinmu na wannan mako na iyaye mata ne, musamman ku masu fita nema: malamar firamare, ma'aikaciyar asibiti, mai aiki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, mai awara a bakin makaranta, mai ɗinki, mai kai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Maza ma ku karanta, ku karanta wa iyalanku.

Satumba ya kama, hutu ya ƙare. Kin ɗinka yunifom, kin sayi takalma da littattafai. Wataƙila kuɗin adashenki duk a nan ya tafi, ko kin sayar da 'yar akuyarki. Kowa an shirya shi, sai ke. To ga abin da nake so ki riƙe: makonni biyun farko na komawar yara, ki mai da su lokacin duba jikinki, tun kafin aiki ya cinye 'yan awannin da gida ke yin shiru.

Bara warhaka wata malama ta zo mini daga wajen Zurmi tana neman hayaƙi da rubutu, wai iska ce ta taɓa ta. Jiri, bugun zuciya, da ta yi 'yar tafiya sai haki. Na ce ta ja fatar idonta ta ƙasa, sai na ga fari fat. Tafin hannu ma haka. Na ce mata, "Ɗiyata, ba iska ba ce, jini ne ya yi ƙaranci. Je ki asibiti a auna, sannan ki dawo." Aka auna, jini ya yi ƙasa ƙwarai, ga kuma maleriya. Da na ba ta hayaƙi ta tafi, da na cuce ta.

Saboda irinta na rubuta waɗannan abubuwa biyar.

1. KI AUNA JININKI

Haila, ciki, haihuwa, shayarwa da zazzaɓin damina duk suna rage jinin mace. Alamominsa: kasala, jiri, haki, ciwon kai, wata ma har sha'awar cin ƙasa ko farar ƙasa. Ranar da kika raka yara, ki zarce asibiti ko shan-magani mafi kusa a duba. In an ba ki ƙwayar ƙarin jini, ki shanye ta yadda aka ce. A gida kuma ki dage da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, rama, alayyafo, wake, da hanta in an samu hali. Ki matsa lemun tsami a kan kwaɗon, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin ganyen. Shayi kuwa yana hana shi, don haka ki bar tazarar awa guda tsakanin shayi da abinci.

2. ZAZZAƁIN ƘARSHEN DAMINA

Yanzu ne sauro ya fi yawa, ga ruwa kwance, ga ciyawa da gero sun yi tsawo. Kin sa yara cikin gidan sauro, ke kina kwance a waje. Ki shiga ke ma. In zazzaɓi ya zo, a gwada jini tukuna. In maleriya ce, maganinta kwana 3 ne cur, ko kin ji sauƙi a rana ta biyu kada ki ajiye sauran wa wani. Ni mai maganin gargajiya ne, amma ina gaya miki, dafa ganyen darbejiya ba ya maye gurbin wannan. Mai ciki kuma kada ta yi wasa da zuwa awo, can ake ba da maganin rigakafi da na ƙarin jini.

3. KARIN KUMALLO HAƘƘINKI NE

Na san halinku. Ki dama koko ki raba wa yara, ki kankare ƙasan tukunya, ki fita da ciki wayam har azahar. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka samu kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Gidan da yaro ya kai haka, uwar ta daɗe da fara ba da rabonta. Amma ki sani, mai shayarwa in ta faɗi, na goye ne zai fara ji a jikinsa. Ko kunun gyaɗa ne da ƙosai biyu, ko fura da nono, ko dabino uku da ruwa, ki sa wani abu kafin ki fita. Zuma cokali ɗaya cikin ruwan ɗumi tana da kyau gare ki, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba, mai ciwon suga kuma ta fara tambayar likita.

4. FARGABA DA HAWAN JINI

Wannan ba sai na ɓoye ba. Tun ɗauke 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, da ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar, har aka rufe makarantu a jihar nan, uwa a ƙasarmu ba ta samun natsuwa sai ta ga ɗiyanta sun shigo gida. Kina wurin aiki, kunnenki na kan hanya. Irin wannan zullumi yana hana barci, kuma hawan jini sau da yawa ba ya sallama kafin ya shigo. Ki auna. In an samu 140 bisa 90 ko sama da haka fiye da sau ɗaya, ki ga likita. Ki rage gishiri da dunƙulen magi da kanwa. Zoɓo marar suga yana ɗan taimakawa, amma ba ya sa a daina maganin asibiti, mai ciki kuma kada ta yawaita shi.

Ki kuma raba nauyin. Ku haɗu da maƙwabta ku tsara wanda zai raka yara da wanda zai tarbo su. Ki karɓi lambar malamin ajinsu. Ki rage sauraron kowace murya da aka turo a waya da dare, mafi yawansu ba abin da suke ƙara miki sai faɗuwar gaba. Ki yi wa yaranki addu'a in za su fita, ki bar wa Allah sauran.

5. BARCI, KUMA KI GUJI HAƊIN ƘWAYOYI

Jikin babba yana son kamar awa 7. Ki gyara kayan makaranta tun da dare, ki jiƙa gero ko wake, manyan yara maza da mata su wanke nasu yunifom. Bayan azahar, kafin su tafi Islamiyya, ki yi ƙailula ko ta minti 20 ce. Haɗin ƙwayoyin gajiya da ake ƙulla wa mutane a leda a kasuwa, ki rabu da su. Suna rufe ciwon ne kawai, wasunsu kuma suna cin ciki, suna taɓa ƙoda.

AIKIN GIDA

Yara suna da nasu, ga naki: kafin Juma'a biyu su wuce, ki auna jini, ki auna hawan jini, ki ɗaura gidan sauronki, kuma kada ki sake fita ba ki karya ba.

Kai kuma maigida, kuɗin awon nan bai kai na takalmin yaro ɗaya ba. Ka bayar, ka kuma raka ta.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mana yaranmu a tafiya da dawowa. A tura wa 'yar'uwar da aka san tana buƙata.

Wassalamu alaikum.